Yatsu Biyu a Kan Tabarma

Ni ba malami ba ne, ba kuma likita ba ne, ko da yake an yi wata da watanni ana kirana Likita a wani lungu cikin Rigasa. Karatuna na boko ya tsaya a aji biyu na sakandare, na allo kuwa ko rabi ban kai ba. Aikina a shekarun nan shi ne kula da ɗakin gwaji na wata makaranta da ke kusa da Unguwar Rimi. Ina wanke kwalabe, ina goge tebura, ina ba zomaye da fararen ɓeraye abinci. Idan damina ta faɗi sai in ɗauki bokiti in tafi fadama kamun kwaɗi saboda darasin bayoloji. An ba ni farar riga mai maɓallai da nake ɗorawa a kan kayana. Ya kamata in rataye ta a bayan ƙofa idan an tashi, amma sau da yawa nakan yi kamar na manta, in hau keke da ita har gida.

Malamin bayoloji da na yi wa hidima Ba'indiye ne, dattijo siriri mai yawan tari. Lokacin da zai koma ƙasarsu, wajen ƙarshen shekarun tamanin, ya kira ni gidansa in taya shi ɗaure kaya. Da muka gama sai ya nuna mini wani kwali a gindin gado, ya ce jirgi ba zai ɗauka ba, in ina so in tafi da shi. Tsofaffin mujallu ne na Turanci, sun fi talatin. Ya ce sun girme shi, a wurin mahaifinsa ya gada. Takardarsu ta yi ja kamar busasshen ganyen taba, idan ka buɗe da ƙarfi sai gefen ya karye a hannunka.

Hotunan bango ne suka fara kama ni. Akwai tururuwa mai girman saniya. Akwai itace mai idanu. Akwai kuma wasu halittu masu manyan kawuna da siraran wuya, fuskarsu shafe daga hanci har haɓa, babu baki. Na sa kwalin a ƙarƙashin teburin da muke ajiye ƙwarangwal, kullum idan ɗalibai sun fita tara sai in ciro guda in zauna da ƙamus. Shafi ɗaya yakan ɗauke ni kwana biyu. Na san labarai ne na ƙirƙira, ba ni da wauta har haka. Amma a saman kowane labari akwai wani ɗan bayani da ƙananan haruffa, inda mai mujallar yake cewa masana sun kusa tabbatar da irin wannan abu. Wannan ɗan bayanin na ɗauka da gaske, domin ba shi da hoto kuma ya fi sauran wuyar karantawa.

Labaran da suka fi zauna mini su ne na isar da tunani daga kai zuwa kai ba tare da magana ba. Halittun nan marasa baki, wai bakinsu ya toshe ne saboda sun daina buƙatarsa. A wani labarin kuma wani likita ne ya kama hannun majinyacin da ba ya magana, ya ɗora jijiyar wuyan hannunsa a kan tasa, sai ya riƙa jin abin da mutumin ke sakawa a zuci. Ni kuwa da idona na sha ganin Ba'indiyen nan ya yanke ƙafar kwaɗo, ya taɓa jijiyarta da waya daga batir, ƙafar ta zabura alhali mai ita ya mutu. Sai na haɗa biyun a kaina. Idan wuta tana bin jijiya, me zai hana tunani ya bi ta ya shiga jikin wani? Ba wanda na tambaya. Wanda zan tambaya ya riga ya hau jirgi.

Na ma gwada a kan zomaye. Nakan san wanda ba shi da lafiya tun kafin ya ƙi cin abinci, sai na ce ai ga shi nan, ina da baiwar. Gaskiyar ita ce na yi shekara tara ina kallon su safe da yamma. Duk wanda ya yi haka zai san kunnen da ya kwanta ba daidai ba.

Surukina malamin allo ne a Rigasa, mutum mai sanyin murya da kowa ke kira Malam. Matata ce 'yarsa ta uku. Tana yawan ba ni labarin yadda yake koyarwa: bai taɓa yi wa mai karatu tsawa ba, idan ka yi kuskure sai ya buga yatsu biyu a kan tabarma, sau biyu, kai kuma ka koma baya ka gyara. Na ji labarin, amma ban taɓa gani ba, domin suruki ba ya zama a zauren surukinsa. Nakan durƙusa daga bakin ƙofa in gaishe shi, ya sa mini albarka, in tashi. A shekara shida na aure ban taɓa haɗa ido da shi ba.

Malam yana da ƙane guda, uwa ɗaya uba ɗaya, tela ne a Kawo kusa da tasha. Baffa muke ce masa. A shekarun nan ne saɓanin fahimta ya raba masallatai, wannan ya saki hannu a sallah, wancan ya riƙe, kowa ya koma bin nasa limamin. 'Yan'uwan biyu suka faɗa ɓangare daban. Wata magana mai zafi ta shiga tsakaninsu a wurin wani suna, daga nan suka yi shekara biyar ba wanda ya taka ƙofar wani. Ni ma ina da nawa da Baffa, wanda ba wanda ya sani. Lokacin da ake neman mini aure, an gaya mini cewa ya ce a gaban mutane, "Yanzu duk garin nan a rasa wanda za a ba yarinya sai mai kiwon ɓeraye?" Aka yi dariya, aka ba ni matar, kowa ya manta. Ni ban manta ba.

Wata safiya cikin damina Malam ya faɗi a wurin alwala. Aka kai shi asibiti, ya yi mako biyu, aka dawo da shi gida ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Magana ta ɗauke gaba ɗaya, sai wani ƙugi da ke fita daga maƙogwaro. Kansa kuma yana karkarwa ba tsayawa, ta yadda ba ka iya bambance gyaɗawa da girgizawa. Hannun hagu kaɗai ya rage masa.

Likitoci sun ce a riƙa juya shi a kai a kai don kada bayansa ya yi gyambo. Babban ɗansa, wanda matata ke kira Yaya ni ma na bi ta, ya karɓi koyarwa a zaure, ga shi kuma da ciwon baya. Sai surukata Inna ta aiko matata ta ce, tunda aikina kusan na asibiti ne, a ajiye kunya in zo in taimaka. Farar rigar ce ta gani. Na riƙa zuwa kullum bayan an tashi daga aiki, in ɗaga shi, in goge masa jiki da ruwan ɗumi, in canza shimfiɗa, in juya shi. Wannan ɓangaren ba na jin kunyarsa. Da a nan na tsaya, da ba ni da abin rubutawa.

Ranar da abin ya fara, Malam ya ƙi natsuwa tun azahar. An ba shi ruwa ya kau da kai, an yi masa fifita bai daina ƙugi ba. Ni kuwa na lura idonsa yana komawa kan ƙusar da ke jikin bango, inda hularsa take rataye. Mutumin da bai taɓa zama kai ba hula ba, ga shi kwance mata suna shiga suna fita. Da na miƙe na ɗauko hular kawai, da shi ke nan. Maimakon haka sai na durƙusa, na kama hannunsa na hagu da hannuwana biyu, na ɗora wuyan hannuna a kan nasa, na rufe ido. Na ɗan jima, sannan na ce, "Hularsa yake so."

Aka sa masa hula, ya yi ajiyar zuciya, ya yi shiru. Daga bayan labule na ji Inna ta ce, "Ikon Allah."

Na sha tambayar kaina dalilin da ya sa na rufe idon nan. Gidan malamai ne. Ko yarinya 'yar shekara goma a gidan ta fi ni karatu. Idan ana hira a kan wata mas'ala ni sai dai in yi murmushi. Ranar nan, a karon farko, kowa a ɗakin ya juyo yana kallona.

Yaya bai yarda ba. Da na yi masa bayanin jijiya da wuta da ƙafar kwaɗo, sai ya gyara zama ya ce, "Wato Malam rediyo ne, kai kuma eriya." Daga ranar idan na jingine keke sai ya ɗago daga kan allo ya ce, "Likita, sannu da zuwa. Yau wace tasha za ka kamo mana?" Amma bai hana ni ba, don ya ga uwarsa ta samu abin riƙewa. Ni kuma ina yawan dacewa. Nakan ce yana jin ƙishirwa, ko kafaɗarsa ta gaji, ko a buɗe taga ya ji karatun zaure. Duk waɗannan da ido nake gani kafin in rufe shi.

Sannu a hankali mutanen gidan suka daina yi wa Malam magana, suka koma yi mini. Sai a shigo a tsaya a kansa a ce da ni, "Tambaye shi ko zai sha kunu." Idan ina wurin aiki, akan ajiye tambaya har in zo. Tambayoyin kuma suka fara wuce kunu. Wane ɗalibi za a ba izinin tafiya gida, wa za a ba aron wane littafi. A nan ido ba ya taimako, sai in faɗi abin da ya zo mini. Kuma sau da yawa, ina cikin faɗa, sai in ji yatsunsa biyu suna motsi a cikin tafina, sau biyu, su tsaya, su sake. Na yi murna da wannan motsin. Na ce saƙon ne ke ratsowa, kamar ƙafar kwaɗo a kan waya. Har nakan ƙara matse hannun don kada ya zube.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ga Baffa. Ya yi sallama a ƙofar ɗaki da wata murya ƙasa-ƙasa, riƙe da ƙunshi a hammata. Riga ce ya ɗinka wa ɗan'uwansa, fara, an buɗe ta ta gefen dama tun daga kafaɗa har ƙasa an sa igiyoyi, don a riƙa sa masa ba tare da an ɗaga mataccen hannun ba. Ba wanda ya gaya masa muna shan wahala wajen sa riga. Shi ya zauna ya yi tunaninta.

Malam na ganinsa sai ƙugin ya tashi. Hawaye ya gangaro ta gefen ido ya shiga kunne. Hannun hagu ya riƙa jan tabarma yana miƙewa.

Baffa ya durƙusa nesa kaɗan ya ce wa wansa, "Yaya, sannu. Yaya, ni ne." Sannan ya dubi mutanen ɗakin. "Me yake cewa?"

Inna ta ce daga bayan labule, "A tambayi ɗan nan, shi yake jin sa."

Baffa ya waiwayo ya dube ni daga farar riga har ƙasa. Ya ce, "Wa? Mai ɓerayen?"

Ba da mugunta ya faɗa ba, yanzu na sani. Haka bakinsa yake. Na matsa na kama hannun da ke miƙewa, na janye shi daga hanyar da ya nufa, na rufe shi cikin nawa. Na rufe ido. Ban ji komai ba sai bugun zuciyata. Na ce, "Ya ce ba ya son ganinku. Ya ce ku fita."

Yatsun nan suka riƙa bugun tafina kamar abin da aka kama da rai. Na matse su.

Baffa ya sauke ƙunshin daga hammata. Ya warware rigar, ya sake ninke ta a hankali yadda teloli ke yi, ya ajiye a wajen ƙafafun Malam. Ya ce, "To. Allah ya ba ka lafiya, Yaya." Ya sa takalmi ya fita. Yaya ya bi shi har zaure yana ba shi haƙuri, na ji yana cewa, "Baffa, ciwo ne." Shi kuma ya ce, "Ciwo ba ya ƙirƙiro abin da babu."

Ba zan ce na san ƙarya nake yi ba, ba kuma zan ce ban sani ba. Na san da rigimarsu, na ga kuka, na ce wa kaina kukan fushi ne. Amma na san daɗin da na ji lokacin da yake neman takalminsa, kuma wannan daɗin ba daga jijiyar Malam ya zo ba.

Mako bakwai suka wuce. Malam ya rage cin abinci. Idan na shigo sai ya juya idonsa bango, idan na miƙa hannu sai ya tura nasa ƙarƙashin mayafi, ni kuma in zaro shi. Na gaya wa Inna cewa haka ciwon yake, yana sa ƙyamar mutane. Rigar Baffa kuwa ita muke sa masa kullum, don ta fi kowace sauƙi.

Ranar wata Alhamis, da yake ba a karatu, gidan ya yi tsit. Matata ta je wuni. Tana zaune kusa da shi tana tsince shinkafa a faifai, tana tilawa a hankali don ta ɗebe masa kewa. Hankalinta ya tafi kan tsakuwa, ta tsallake aya. Sai ta ji bugu a kan tabarma, sau biyu. Ta ce jikinta ne ya koma baya da kansa ya gyara, kamar tana 'yar shekara bakwai, kafin ma ta gane abin da ya faru. Da ta gyara, hannun ya kwanta.

Na iso da la'asar na tarar da ita da Yaya da Inna duk a ɗakin, Inna ma ba ta shiga bayan labule ba. Na nufi shimfiɗar Malam kamar kullum. Matata ta ce, "Maigida, zauna can. Kada ka taɓa shi."

Ba ta taɓa yi mini magana da wannan murya ba. Na zauna a bakin ƙofa.

Ta gyara masa hannun a kan tabarma, ta ce, "Baba, yau Talata ce."

Yatsu biyu suka buga, sau biyu.

"Yau Alhamis ce."

Hannun bai motsa ba.

"Baba, kunun safe ya yi maka daɗi."

Ya buga. Yaya ya yi wata 'yar dariya da hawaye a ciki, ya ce, "Inna, an kama ki. Wata biyu kina cika masa tsamiya."

Matata ba ta yi dariya ba. Ta dube ni, sannan ta mayar da ido kan mahaifinta. Ta ce, "Baba, kai ka ce Baffa ya fita."

Ya buga. Ya sake bugawa. Bai tsaya ba, har tabarmar ta riƙa zamewa daga ƙarƙashin hannunsa, har sai da ta ce, "Mun ji, Baba, mun ji."

A nan na gane abin da nake riƙewa duk kwanakin nan. Mutumin yana da hanya guda da ta rage masa ta cewa ba haka ba ne, hanyar da kowa a gidan ya sani tun yana yaro. Ni da ban taɓa zama a gabansa ba, na zo na rufe ta da hannuwana biyu. Duk lokacin da na ji saƙo yana ratsowa, gyara yake yi mini.

Yaya ya miƙe ya ce zai tafi Kawo yanzu. Matata ta ce, "A'a, Yaya. Bakin da ya faɗa shi zai je ya kwance."

Na cire farar rigar na bar ta a kan kekena a ƙofar gida, sannan na tuna keken zan hau, na ninke ta na tura ƙarƙashin benci. Daga Rigasa zuwa Kawo tafiya ce mai nisa a keke, an kuma yi ruwa da rana, hanya duk taɓo. Ina tafe ina shirya magana. Na shirya wadda za ta nuna kuskure ne na ilimi, na shirya wadda za ta ɗora laifin a kan mujallu. Kafin in kai duk sun zube.

Na same shi a kan keken ɗinki, tabarau a ƙarshen hanci, yana haɗa wuyan kaftani. Na yi sallama na durƙusa. Ya amsa bai ɗago ba, ƙafarsa ba ta bar feda ba.

Ya ce, "Ya rasu ne?"

Na ce, "Yana nan da rai, Baffa."

"To me ya kawo ka? Ya sake aiko ka da wata korar?"

Na ce, "Bai kore ku ba. Ni na faɗa. Ba na jin tunaninsa, ban taɓa ji ba."

Keken ya tsaya. Hayaniyar tasha ta shigo shagon, 'yan kamasho suna kiran Zariya, Zariya. Na ba shi labarin tilawa da yatsu. Da na zo kan yatsun sai ya cire tabarau ya ajiye, domin shi ma a gaban wannan hannun ya yi karatu bayan rasuwar mahaifinsu.

Ya ce, "Me na yi maka, ɗan nan?"

Na ce, "Kun ce mini mai kiwon ɓeraye."

Ya dube ni da mamaki na gaskiya. "To ba kai ne ba? Ko akwai wani?"

Na ce ni ne.

"Ni mai ɗinkin wandon mutane ne. Ka taɓa jin na raba wani da ɗan'uwansa a kan haka?" Ya riƙa naɗe zare a yatsa yana warwarewa. "Mako bakwai. Kowace sallah sai na tambayi Ubangiji wane irin abu na yi wa mutumin nan da zai kore ni yana kan gadon jinya. Har na fara tuno laifuffukan da ban yi ba."

Ya rufe keken da ƙyalle, ya ɗauki hula. Ya ce, "Bar wannan ƙarfen naka a nan, mu hau mota. Kuma kada ka yi mini magana a hanya, ko ta baki ko ta waya."

Mun isa rana ta yi ja amma ba a kira magariba ba. Malam ya rame ƙwarai a makonnin nan, Baffa ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon yadda rigar da ya auna da ido ta yi masa yawa. Sannan ya shiga ya zauna dab da shi, ya miƙa hannu zai kama nasa. Daga inda nake tsugune na ce, "Baffa, kada ku riƙe. Ku bar masa shi a kan tabarma."

Ya janye hannunsa. Matata ta gaya masa yadda ake yi: ka faɗi magana, in ba daidai ba ce zai buga.

Baffa ya share murya ya ce, "Yaya, kana fushi da ni."

Yatsun suka buga. Ba ƙarfi kamar ɗazu, amma kowa ya ji.

"Ka yafe mini abin da na faɗa a wurin sunan nan."

Hannun ya kwanta shiru. Muka jira. Bai motsa ba.

Baffa ya goge fuska da hannun riga. Ya ce, "Ni ma na yafe, duk da kai ka fara." Sai ga bugu sau biyu. Yaya ya fashe da dariya, Inna ta ce, "Kun ga halin nasu ko?" Baffa ya ce, "To, ni na fara. A bar mutum ya yi ƙarya ɗaya mana." Ya zauna har aka kira sallah, ya yi ta a nan ɗakin yadda ya saba yin ta, Malam yana kallonsa, hannun yana kwance.

Kullum Baffa yana zuwa bayan wannan, ya rufe shago tun azahar. Kwana goma sha ɗaya suka samu. Da ban shiga tsakani ba da sun samu wata biyu, a lokacin da hannun ke da ƙarfin yin gardama. Wannan ba wanda zai mayar musu.

Ni na ci gaba da ɗagawa da juyawa, don ba wanda ya ce in daina, kuma bayan Yaya bai warke ba. Ba a sake kirana Likita ba. Matata ta yi ta ce mini in nemi gafararsa tun yana ji, ni kuma ina ta ɗagawa zuwa gobe, don ina tsoron jin bugun nan. Sai ana saura kwana biyu ya rasu na samu ƙarfin hali. Na gama goge masa jiki, na ɗaura igiyoyin rigar, na ajiye masa hannun a kan tabarma, na ja da baya na durƙusa inda suruki ke durƙusawa. Na ce, "Allah gafarta Malam, kun yafe mini."

Hannun bai motsa ba. Na jira har ƙafata ta yi sanyi, bai motsa ba.

Matata ta ce wannan amsa ce. Amma ni na san tun safiyar ranar an gaya masa abubuwa biyu da ba daidai ba don a gwada, bai buga ba. Na gaya mata haka. Ta ce idonsa a buɗe yake lokacin da na yi magana, kuma ni yake kallo. Wataƙila. Ni kuwa kaina a sunkuye yake, ban gani ba.

Mujallun suna nan a ƙarƙashin teburin ƙwarangwal har na bar aikin, gara ta ci rabinsu. Ban ƙona su ba, don ba su suka yi ba. Waɗanda suka rubuta su labari suka ce suna bayarwa. Baffa ya rayu shekaru bayan haka, shi ya riƙa ɗinka wa 'ya'yana kayan sallah, kuma har ya bar duniya bai kira ni da wani suna ba sai mai ɓeraye. Nakan amsa.